Allon Turancin Kakana

Duk inda na ji ƙanshin tawadar da aka dafa da ƙaro, sai zauren kakana a Tozai ya faɗo mini a rai. Malamin allo ne, bai san harafi ɗaya na boko ba, amma in gaya maka gaskiya, shi ya koya mini Turanci.

Ina aji shida na firamare lokacin, Turancin nan kuwa ya sha mini kai. Yana da wasu kalmomi masu kama da juna kamar tagwaye, ɗaya sunan abu, ɗaya aikin da ake yi. In za a faɗi abin da ya faru jiya, aikin ake sauya wa kama. Ni kuwa sai in cafko sunan in liƙa masa wutsiya, in miƙa wa malami ina washe baki. Littafina ya sha jan biro har ya ƙoshi.

Babana ba ya magana biyu. Da labari ya kai masa, sai ya yanke hukunci: in na faɗi jarrabawar shiga sakandare, Burkusuma zan tafi wurin kawuna in riƙa ɗora kaya a babur. Na yi kuka ranar, don ina son makaranta kamar raina.

Kakana ya ji komai. Washegari bayan la'asar, cikin zafin bazara, ya ɗauki alƙalami da tawada ya ce in raka shi gidan malamin ajinmu. Saurayi ne da ko gemu bai tara ba. Yana ganin tsohon ya zabura zai ba shi kujera, kakana ya ƙi, ya zauna a tabarma.

"Yau kai am malam, ni ɗalibi," in ji shi. "Biya mani kalmomin ga da sunka gagari yaro, ɗaya-ɗaya. Za ni rubutawa da hannuna."

Malamin yana faɗa, shi yana rubutawa da ajami, suna a dama, aiki a hagu, da yadda aikin yake komawa in ya wuce. Sai ya yi ta maimaitawa har bakinsa ya faɗa daidai. Ya fi sati biyu yana wannan zirga-zirga. Mutanen gari suka yi ta tsegumi, wai malam guda ya je ya durƙusa gaban ɗan boko. Ko a jikinsa.

Ya sa aka sassaƙa mini sabon allo, ya ce ba a haɗa wannan da na karatu. Kullum bayan asuba in rubuta kalmomi biyar da boko, in biya, shi yana bin takardarsa da yatsa. In na ɗauki suna a wurin aiki, ba duka ba zagi, sai dai ka ji "Sake." Ba a wankewa sai na kawo hadda ba gargada, yadda yake yi wa kowane ɗalibinsa. Ranar da na fara wankewa, kakata ta tare ruwan a ƙoƙo wai in shanye, ai daga zauren malam ya fito. Tsohon ya yi dariya har da hawaye, ya nuna bishiyar ƙofar gida. "Wanga ba a shan shi, zuba ma bedi."

Ruwan farko ya sauka, ana cikin shuka muka je Isa muka rubuta jarrabawar. Da sakamako ya fito, sunana yana ciki. Babana bai yaba ni da baki ba, akwatin ƙarfe kawai ya sayo mini ran kasuwa. Kakana ya yi hamdala ya koma kan karantarwarsa, ban sake jin kalmar Turanci a bakinsa ba har Allah ya karɓi abinsa.

Yau ina da littattafai cike da kanta, ga waya mai amsa kowace tambaya kafin ka ƙifta ido. 'Yata kuma lissafi ne ya tsaya mata a wuya tun bara. Na yi mata faɗa, na miƙa mata wayar, na ce ni ma ban iya ba. In na tuna tsohon nan sai kunya ta rufe ni, don har yau ban san ƙofar gidan malaminta ba.