Salmanu da Kazar Mai Ɗori

Duk wanda ya san karar shanu ta Batsari ya san Salmanu mai igiya. Gindin marke yake zama, ƙafar wando ɗaya a naɗe, sanda a jingine, yana tufka rama. Ba shi da yawan magana, mutane kuma ba su da yawan tambaya, shi ya sa kaɗan ne suka san abin da ya zaunar da shi.

Bafulatanin Babban Duhu ne, a bayan shanu ya tashi. Shekarar da fari ya cinye musu rabin garke, a ita ce babura suka cika gari, kowane malamin ofis sai ɓarin hayaƙi yake yi. Salmanu ya sayar da bijimai biyu kafin su mutu a banza, ya sayi nasa. Wai don ɗauko dusa da kanwa daga kasuwa. Gaskiya ne, amma fa har da son a gani.

Tuƙi kam ya iya shi. Kaucewa ce bai taɓa koya ba. Tun yana yaro, komai girman bijimi, in ya tsaya ya daka masa tsawa sai ya ba shi hanya. Ranar wata kasuwa, a kwanar da ke dab da Safana, babbar mota shaƙe da itace ta taso masa tsakiyar hanya. Bawan Allah sai ya miƙe a kan babur, ya ɗaga hannu, ya yi mata tsawa.

Aka kwashe shi zuwa gidan Mamman mai ɗori, cinyar dama ta karye gida biyu. Mamman ya yi yadda ya gada: ya kama kaza ya karya mata ƙafa, ya ɗora ta, sannan ya ɗora Salmanu da kara da tsumma. Ya ce ranar da kazar ta taka, mai jinya ma ya kusa tashi.

To amma ruga ba ta jira. Ciyawa ta ƙare, rijiyoyi sun ƙafe, yayansa Usaini ya riga ya yanke a yi kudu. Matarsa Inno kullum sai ta zo da fura, ta gaishe shi a taƙaice saboda kunya, sannan ta tsaya tana ƙare wa kazar kallo.

Ranar kwana ashirin da ɗaya kazar ta sauke ƙafa, har da gudunta wajen tsaki. Usaini ya gani da idonsa.

"To, alhamdu lillahi," in ji shi. "Bari mu yi gaba da shanun. Ka same mu Birnin Gwari kafin wata ya mutu."

Kwana uku ke nan Salmanu yana jin wari daga ƙarƙashin tsumman. Amma ɗan Fulani ba ya cewa wayyo a gaban yayansa, balle matarsa na tsaye. Ya ce, "Allah Ya sauke ku lafiya."

Suka tafi, har da Inno. Bayan mako guda aka kai shi asibiti a Katsina, likita ya ga ƙafar ta ruɓe, ya yanke ta tun daga cinya. Da ya fito ya aika saƙo Birnin Gwari, aka ce sun wuce Kontagora. Ya aika can, aka ce sun ƙetare kogin Kwara. Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, ba su dawo ba. Kaɗaici ya ci shi ƙwarai. Ya koma bakin kara da zama, don ko ba komai ya riƙa jin kukan shanu, yana kuma tambayar duk wanda ya fito daga kudu.

A shekara ta bakwai wani dillali ya shigo da tsohuwar saniya mai farin goshi da tsaga biyu a kunnen hagu. Shaidar gidansu ce. Ita kanta ya gane ta, da hannunsa ya jawo ta daga cikin uwarta. Ya dogara sanda ya isa wurin, ya tambayi inda masu ita suke.

"Wallahi ban sani ba, Baffa," in ji dillalin. "Hannu na uku na saye ta."

Salmanu ya matsa kusa, ya kira ta da sunanta, Wule, da irin muryar da yake kiranta tana maraƙa. Ya sake kira. A na uku ta ɗago kai, ta dube shi yadda ake duban baƙo, ta ci gaba da tuƙarta.