Watan da Ban Sha Azumi Ba

Shekarun baya, ina 'yar shekara sha shida a gidanmu na cikin birnin Zariya, an taɓa yi min cikin shege da baki. Da baki na ce, don a lokacin ko hannuna namiji bai taɓa riƙewa ba. Yau na yi aure, na haifi 'ya'ya, furfura ma ta fara leƙowa, amma wallahi in na tuna sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

Ni ce 'yar fari. Wanda ya tashi a irin gidajenmu ya san me hakan ke nufi. Mahaifiyata ba ta kiran sunana, ba ta zama hira da ni. In za ta aike ni sai ta ce wa ƙanwata, "Ce wa waccan ta ɗauko tsintsiya," alhali ga ni zaune a gabanta. Kunyar 'yar fari ke nan. Ba ƙiyayya ba ce, na sani, don tsokar da ta fi girma a kwanona take ƙarewa. Amma uwar da ba ta iya ce miki miƙo ludayi, ta yaya za ta tambaye ki ko kin fara al'ada?

To, ban fara ba. Jikina ya cika kamar na kowace budurwa, sai kowa ya ɗauka an daɗe da wuce wurin. Ƙawayena a makaranta in suna raɗe-raɗensu suka juyo kaina, sai in gyaɗa kai kamar tsohuwar hannu, alhali ban san komai ba. Abin da na sani kawai ciwon mara ne, duk wata, mai sa ni murƙususu a tabarma. A jiƙa min kanwa, a ce tsutsar ciki ce. Malaminmu na kimiyya kuwa da ya iso babin haihuwa sai ya yi gyaran murya ya ce mu karanta a gida. Wane gidan?

Sannu a hankali marata ta fara tasowa, ta yi tauri. Ni da wautata na ɗauka tuwo ne ya karɓe ni, har ina murna na fara ƙiba.

A shekarar ne gwaggona, yayar mahaifina, ta zo daga Tudun Jukun ta yi azumi tare da mu. Mace ce da ba abin da ke wuce idonta. Ni kuma na dage na kai azumina tas, ina jin kaina wata waliyyiya. Bayan salla da 'yan kwanaki ta kira ni ɗakinta.

"Ke, azumi nawa kika sha bana?"

"Ko ɗaya ban sha ba, Gwaggo." Har da murmushi na faɗa, na zaci tukwici za a ba ni.

"Salla fa? Ba ranar da kika ajiye?"

"Babu."

Ta jawo ni ta danna marata da yatsunta. Sai ta saki salati da ƙarfi, irin wanda ake yi in an yi mutuwa. "Wa ya yi miki?" Na ce ya yi min me? Ban rufe baki ba na ji mari. Da na gane inda ta dosa na fashe da kuka, na ce, "Gwaggo, ni fa ban taɓa ganin jinin ba, ko sau ɗaya." Ta yi wata dariya ta ce, "Gandamemiya kamarki? Ni za ki raina wa hankali?"

Mahaifiyata na tsaye a bakin ƙofa, hawaye na zuba. Gidanmu babban gida ne, sassa da yawa, tsakar gida ɗaya. Kafin la'asar magana ta tsallake katanga. Washegari yarinyar da ke kawo mana awara ta tsaya tana kallon cikina maimakon ta karɓi kuɗinta.

Mahaifina ma'aikacin jami'a ne a Kongo, nan cikin Zariya, ya yi boko ya yi na addini, mutane na zuwa zaurensa tambayar hukuncin jinin haila da na biƙi yana warware musu tiryan-tiryan. Amma da abin ya zo kan 'yarsa, bai kira ni ya tambaye ni ba. Ya daina zaman zaure. Ya ce in bar zuwa makaranta. Aka fara shirin kai ni ƙauye wurin dangin kakata, wai "har a sauka lafiya". A sauke me? Ba wanda ya ce a je asibiti, don a ganinsu zuwa asibiti tallar abin kunya ne.

Abin da ya cece ni fitsari ne. Wata safiya na tashi ya ƙi fita, ina jin marata kamar za ta fashe, ina ihu. Mahaifiyata, matar da ban taɓa ganin ta taka zaure babu izini ba, ta yafa mayafi, ta kama hannuna, ta tare ɗan tasi. Gwaggo na cewa, "Ina za ki kai mana ita?" Ko waiwayowa ba ta yi ba.

Likitar mace ce. Bayan an sa min roba fitsarin ya fita, ta tambaye ni yaushe na ga al'adata ta ƙarshe. Na ce ban taɓa gani ba, na runtse ido ina jiran dariya. Sai kawai ta ce, "To." Ita ce mutum ta farko da ta yarda da ni. Aka yi gwaji, aka ɗauki hoton ciki, ta duba ni, sannan ta zaunar da mu ta yi bayani.

Ta ce mace na da ma'ajiyar ƙwai guda biyu, hagu da dama. Duk wata ɗaya daga ciki na sakin ƙwai, mahaifa kuma ta yi shimfiɗa a cikinta ko da ciki zai shiga. In bai shiga ba, sai shimfiɗar ta saɓule ta fito, shi ne jinin al'ada. Ta ce nawa jikin yana aikinsa daidai, ya daɗe da farawa ma. Sai dai akwai wani siririn tantani a mafita, wanda a sauran mata yana da 'yar ƙofa, ni kuwa an haife ni da shi a rufe ruf. Jinin duk wata sai ya taru a ciki, ba hanya. Shi ne ciwon, shi ne kumburin, shi ne kuma ya danne mafitsara. Ƙaramin aiki za a yi a buɗe, shi ke nan.

Ta dubi mahaifiyata ta ce, "Hajiya, ba ki taɓa tambayarta ba?"

Mahaifiyata ta sunkuyar da kai. "'Yar fari ce, likita."

Aka yi aikin, na warke, na dawo gida da ciki a shafe. Ni a tunanina an gama, gaskiya ta fito. Mahaifina har hawaye ya yi yana hamdala. Na durƙusa gabansa na ce, "Baba, don Allah a gaya wa mutane abin da likita ta ce." Ya kawar da kai ya ce, "Haba, wannan ai ba maganar da namiji zai faɗa a zaure ba ce. Allah ya wanke ki, ya isa." Gwaggo kuwa, ba ko kunyar Allah, cewa ta yi, "Ai dama ni na ce a kai ta asibiti."

Ku duba min wannan lamari. Unguwa ta ga yarinya da ciki an saka ta a tasi, ta ga an dawo da ita ba ciki, kuma ba wanda ya yi bayani. Me kuke so su ce? Na koma makaranta ƙawaye suna janye jiki. Akwai gidajen da aka hana 'ya'yansu zuwa gidanmu.

Abin da har yau yake ƙona min rai ke nan. Mahaifina ya rasu na yafe masa, Gwaggo ma haka, mahaifiyata kuwa ban taɓa riƙe ta ba, don ranar da ta kama hannuna ta biya ni. Amma na kasa gane irin kunyarmu. Bakin da ya iya furta cikin shege a kan yarinya, shi ne ya ji nauyin furta al'ada da mahaifa, halittar da Allah ya yi kuma kowannenmu ta nan ya fito. Shi ya sa 'yata ta fari tun tana sha ɗaya na zaunar da ita na zayyana mata komai, har ta gaji ta ce, "Mama, na ji, don Allah ya isa."

Kwanakin baya na je suna a tsohuwar unguwarmu. Tsakar gida cike da mata, ana rabon waina. Wata tsohuwar maƙwabciyarmu ta riƙe hannuna cikin tausayi ta ce, "'Yar nan, ai kin shiryu. Allah ya yafe miki abin da ya wuce."

Na ajiye kwanon hannuna. Na ce, "Iya, zauna ki ji abin da ya wuce." Na ɗaga murya yadda na bakin rijiya ma za su ji, na fara tun daga ma'ajiyar ƙwai har zuwa tantanin nan, ban tsallake kalma ɗaya ba. Wasu suka rufe fuska da mayafi, wasu suka kori 'yammata ɗaki. Na ce a bar su, su aka fi yi dominsu.

Wata ta ce, "Haba Hajiya, a gaban jama'a? Babu kunya?"

Na ce, "Lokacin da kuka ce cikin shege gare ni, ina 'yar sha shida, a gaban wa kuka faɗa?"

Na ɗauki kwanona na ci gaba da cin wainata.