Ƙodar Matar Yayana

Jiya a ofishin likita a Kano, matar yayana ta sa ni dariya har da ƙwalla.

Daga Yako muka raka Yaya Sani wankin ƙoda. Shi da ita sun daɗe suna shan maganin cuta mai karya garkuwar jiki, ba sa ɓoyewa, kuma da izininsu nake wannan rubutu. Bana ƙodarsa ta gaza, aka ce sai an samu mai ba shi ƙoda an yi masa dashe. Ni aka fara gwadawa, jininmu bai zo ɗaya ba.

Likita na cikin bayani sai ta katse shi.

"Likita, tawa fa? Ko ta masu irin ciwonmu ba ta shiga lissafi?"

Ya ce a da ba a karɓa, amma yanzu a wasu ƙasashe ana dashe tsakanin masu ciwon, in suna shan magani yadda ya kamata. Sai dai akwai gwaje-gwaje da yawa, kuma bai yi mana alkawari ba.

Yaya ya girgiza kai. "Hauwa, bar abarki. Yara fa?"

Ta harare shi. "Malam, ciwon ma tare muke ɗauke da shi, ƙoda ce za ta gagare mu rabawa?"

"To kada a sa min in tashi da surutunki."

"Da ka samu lafiya biyu!"

Kafin mu fito sai da ta miƙa hannu aka ɗebi jininta. Yanzu sakamako muke jira.

Jama'a, ku sa mu a addu'a. Kun taɓa ganin rigimar miji da mata mai daɗin wannan?