Ramuka Arba'in da Uku a Bayan Barkiya

Duk wanda ya tashi a ƙasar Kurfi cikin shekarun saba'in, in dai ciwon shawara ya taɓa mayar mashi da ido ruwan ɗorawa, to ya san ƙofar gidan Gwaggo Sakinatu a Barkiya. Gajeruwar mace ce, baƙa, mai faɗan tsiya. In ka kawo mata yaro bayan ciwo ya ci ƙarfinsa, sai ta wanke ka tas tukuna, sannan ta ɗauko ludayi. Amma fa za ta ɗauko. Daga Wurma ake zuwa, daga Birchi ake zuwa, har ma'aikatan Dutsin-Ma masu takalmi sau-ciki sun sha tsugunawa a tsakar gidanta suna yamutsa fuska, don jiƙon nan ɗaci gare shi ba na wasa ba.

Maganin saiwar wani ɗan itace ne da ko sunansa ba ta faɗi. Ubanta, Malam Tukur, shi ya nuna mata wurin tana budurwa, ya tsallake 'ya'yansa maza uku, ya ce duk garaje ya yi masu yawa. Wani lungu ne tsakanin duwatsu, tafiyar hantsi daga gari, kuma gindi arba'in da uku ne cif, ba su ƙaruwa. Tsohon ya sha gwada dasa shi a bayan gida, ya ƙi kamawa. Don haka ya kafa mata doka: sai da kaka ake haƙa, saiwa ɗaya tak ake yanka daga kowane gindi, a mayar da ƙasa, a zuba kashin shanu, kuma gindin da aka taɓa bana ba a waiwayarsa sai bayan shekara uku. Shekara talatin da wani abu tana bin dokar nan. Mijinta ma har ya koma ga Allah bai san ko gabas take yi ko yamma ba in ta saɓi dagi.

Allah bai ba ta haihuwa ba. Ɗan ƙanenta ta riƙa, wanda uwarsa ta rasu yana rarrafe, kuma da yake sunan ubanta ya ci, Tukur, ba ta iya faɗin sunan, sai dai ta ce Babana. Ita ta goya shi, ita ta yi rigima da ƙanen nata har aka bar shi a makarantar boko. Yaro kuwa kai gare shi. Ya gama sakandare, ya wuce jami'a ya karanta haɗa magunguna, ya yi hidimar ƙasa, ya dawo da gashin baki da agogo. Gwaggo in ta zauna cikin mata ba ta da zance sai nasa. Har tsokanarta suke, su ce, "Gwaggo, yau ba mu ji labarin likita ba." Ta ce, "Ba likita ba ne, jahilai, shi ke yi wa likita abin da zai ba ku."

A damanar 1983 ya zo mata da sabon zance. Ya ce ya koma jami'a yin digiri na biyu, kuma wannan karon ba sayar da magani zai koya ba, yadda ake sarrafa shi da inji zai koya: a tatso ƙarfin itace, a busar, a murza, a matse shi ya zama ƙwaya. Kowane ɗalibi sai ya kawo abin da zai yi aiki a kansa, shi kuwa saiwarta yake so.

"Gwaggo, ke ɗaya ce," in ji shi. "Ran da ba ki, shi ke nan ya tafi. In ya zama ƙwaya kuwa, yaron da ke Daura ma zai sha."

Maganar ta shige ta, don ta daɗe tana tunanin wa za ta bar wa. Idonta na dama ya riga ya yi yana, na hagun ma ya fara hazo, har takan laluba ganye da hannu kafin ta tabbata. Da kaka ta yi, ta sa shi gaba. A bakin duwatsun ta tsaya ta ce ya rantse ba zai nuna wa kowa ba, ba kuma zai taɓa gindi ko ɗaya ba sai da saninta. Ya rantse da Allah, har da ƙwalla a idonsa. Ta koya mashi yadda ake bin saiwa da yatsa, da inda ake yanka. Rabin abin da ta haƙa a shekarar ta ƙulle mashi a tsumma, ta dawo gida zuciyarta fari ƙal.

Bayan wata biyar sai ga shi. Wai an gwada, abin ya ba malamansa mamaki, amma ɗan ƙullin nan ko maƙogwaron injin bai jiƙa ba. Buhu goma ake so, a taƙaice, kuma kafin ƙarshen zango, in ba haka ba shekararsa biyu ta tafi a banza.

Gwaggo ta yi dariya, ta zaci wasa ne. Da ta ga ba wasa ba ne sai ta ce, "Babana, buhu goma? Ko ka tumɓuke su duka ba su cika shida. Ga fari, ruwan bara bai kai ko'ina ba, itatuwan da kyar suke numfashi. Ka ce wa injin ya yi haƙuri."

"Inji ba ya haƙuri, Gwaggo."

"To kai ka yi."

Ya sunkuyar da kai, ya ce to. Bai ƙara tayar da maganar ba. Har itace ya faskara mata kafin ya koma, ita kuwa ta bi shi da albarka, tana cewa a ranta yaron nan akwai biyayya.

Da bazara ya dawo da albishir. Likitocin ido masu zagayawa za su sauka Dutsin-Ma, ya riga ya sa sunanta. Shi ya ɗauko shatar mota, shi ya riƙe mata hannu har ɗakin aiki. Da aka fito da ita fuska naɗe da bandeji, ya kai ta gidan wata nas mai suna Felicia, 'yar kudancin Zariya, wadda Gwaggo ta taɓa yi wa ɗanta magani. Ya ce ta zauna mako biyu, kada ta sunkuya, kada ta shiga rana, shi zai koma makaranta. Felicia ta riƙe ta kamar uwa, kunun gyaɗa safe da yamma. Duk wanda ya shigo gaisuwa sai Gwaggo ta ce, "Ɗana ne ya sa aka buɗe mani ido."

Ana kwana tara Felicia ta dawo daga aiki, tana cire takalmi tana cewa, "Mama, ashe ɗanki Tukur bai koma ba. Na hango shi a tasha cikin akori-kura, shi da leburori, an lafta buhuna a baya. Na ɗaga mashi hannu, ina jin bai gan ni ba."

"Buhunan mi?"

"Oho. Kamar dai itace, duk ƙasa a jiki."

Kunun ranar dai Gwaggo ta kasa shan shi. Washegari da safe ta ɗaura zane ta ce gida za ta. Felicia ta yi magiya, ta yi faɗa, ta ce ɗinkin bai warke ba. Ina! Ta hau motar Kurfi, daga can ta samu amalanken shanu zuwa Barkiya, ko gida ba ta shiga ba ta miƙe daji.

Kai, jama'a! Ido ya buɗe kam, tar take gani. Tun daga nesa ta hango sawun taya inda mota ba ta taɓa bi ba. Da ta shiga lungun, ramuka ne ko'ina, aikin diga da shebur, rassa zube sun bushe a rana. Ba su mayar da ƙasa ko a rami ɗaya ba. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙirgawa, ko Allah ya sa sun manta da wani, har ta kai arba'in da uku. Nan ta zauna a kan dutse ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ran da mijinta ya mutu. Abin da ya fi ƙona mata rai ba haƙar ba ce. Hannun nan ne da ya riƙe ta har ɗakin aiki, alhali ya san abin da ya shirya.

Ta tsinci guntayen saiwa ta binne, ta yi ta jigilar ruwa a tulu har damana ta faɗi. Damanar ma ta zo a tsaitsaye. Ko tsiro ɗaya bai fito ba.

Sai bayan shekara guda Tukur ya iya tako gidan. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, ya tura mata wani littafi mai baƙin bango da wata 'yar kwalba. Ya ce ya ci jarrabawa, har ana maganar tura shi Ingila ya ƙaro. Ya buɗe shafin farko ya ce ga sunanta nan, ita ya sadaukar wa aikin.

"Ban iya karatu ba," in ji ta. "Wannan fa?"

"Ƙwayoyin ne, Gwaggo. Guda sittin suka rage."

"Sauran fa? Wa ya sha?"

Ya yi ta murza hula. Da kyar ya ce ɓeraye aka ba, haka ƙa'idar take, sai an gama da dabbobi ake zuwa kan mutane. Waɗannan ɗin ma ba a yarda a ba mutum ba tukuna, sai an ƙara bincike, binciken kuwa sai an samu ƙarin saiwa.

"Ɓeraye," in ji Gwaggo. "Na hana 'ya'yan mutane ludayi biyu don ya kai wa na baya, kai ka kwashe ka ba ɓeraye. Ka rantse mani da Allah, Babana. Da bakinka."

"Na ɗauka za su sake tsirowa."

"Ka ɗauka. Da ka tambaye ni ai da na gaya maka. Tashi ka ba ni wuri, ka cuce ni, ka cuci ubana. Ɗauki kayanka."

Ya ɗauki kwalbar, ya bar littafin, ya fita.

Ragowar busasshiyar saiwar da ke rataye a ɗakinta ta kai ta 'yan watanni, tana tsakura kamar gishiri. Ran da ta ƙare, ba a yi kwana uku ba sai ga Talatu daga Wurma, matar da Gwaggo ta yi wa magani tun tana yarinya, goye da ɗanta, idonsa ya koma ruwan ɗorawa, ko kuka ba ya iyawa. Tun asuba ta taso a ƙasa. Ta kwance goyon ta shimfiɗe shi a gaban Gwaggo, ta zauna tana jiran faɗan da aka saba da ludayin da ke biyo baya.

Faɗa bai zo ba. Gwaggo ta ce, "Babu, Talatu. Ɗauke shi maza ki kai asibitin Kurfi."

"Babu kamar yaya? Inna, a gari ana cewa kin sayar wa 'yan boko, na ce ƙarya ne, na yi rantsuwa a kanki. Ashe gaskiya ne?"

Kalma ɗaya za ta wanke ta. Amma kalmar sunan ɗan ƙanenta ce, wanda ta goya, kuma in ta fita daga bakinta, shi da shiga Barkiya har abada. Sai ta duƙa ta ɗauki yaron ta miƙa mata.

"Mi muka yi maki, Inna?" in ji Talatu, tana kuka tana ɗaura goyo. "Allah ya isa tsakanina da ke in yaron nan ya mutu."

Gwaggo ta jawo mayafi ta ce bari ta raka ta bakin hanya. Talatu ta ce ba ta so. Haka ta tsaya a ƙofar gida tana kallonta har ta sha kwana. Shekara huɗu ta ƙara a duniya, kuma har aka binne ta mutanen Barkiya suna cewa ita ta sayar.