Ranar da Malam ya zaunar da 'yan majalisa a kicin

Har in koma ga Allah ba zan manta da wata Laraba ta tsakiyar damina ba. Ni ban yi boko ba, faɗa nake yi ana rubutawa, don ku sababbin kuku ku ji.

Tuwon ɗalibai nake tuƙawa a wata makarantar kwana a ƙasar Makarfi, maigidana Audu, Allah ya jiƙansa, shi ke faskare. Rufin kicin ɗinmu duk ya ɓule. In ruwa ya sauko wuta ta mutu, yara su kai la'asar da yunwa.

Sai aka ce kwamitin ilimi na majalisar jiha zai zo, wato 'yan majalisar da ke zagayawa suna duba makarantu. A cikinsu har da tsohon shugaban makarantarmu, mutumin Kudan, wanda ya ajiye alli ya ci zaɓe. Mu dai Malam muke ce masa.

Sabon shugaba ya sa aka rufe ɓulolin da sababbin tabarmi ta ciki. Ya ce, "Iya, wanda ya buɗe baki a bakin aikinsa." Mu kuwa ma'aikatan wucin gadi ne, ko takarda ba mu da ita. Na rasa yadda zan yi.

Da suka iso aka nuna musu ofis. Malam ya ɗaga kai ya dubi gabas, hadari ya haɗo. Ya ce, "Ka'idar makaranta, babba ba ya cin komai sai ya ɗanɗana abincin yara a bakin murhu." Ya jawo su kicin.

"Iya Talatu, kina nan da gishirinki mai yawa?"

"Ranka ya daɗe, harshenka ne ya saba da na Kaduna."

Da hannunsa ya kife turmi, ya zaunar da shugaban kwamiti daidai inda ya san ɓuli mafi girma yake. Ya yi ta jan gaisuwa, ya tambayi jikokina ɗaya bayan ɗaya. Bai tambaye ni rufi ba.

Ruwa ya kece. Tabarma ta yi ciki, ta yi ciki, sai ta juye wa shugaban kwamiti a babbar riga.

"Malam, da gangan ka yi!"

"Honarabul, ni malami ne. Abin da ɗalibi ya gani da idonsa ba ya mantawa."

Audu ya jefar da gatari don dariya. Kafin kaka an buga mana sabon kwano, ba a kori kowa ba.

Damina ɗaya kacal Audu ya yi a ƙarƙashin rufin nan, Allah ya yi masa rasuwa. Malam ma ya bi shi. Ina faɗa hawaye na zuba, amma dariyar ranar ba ta bar ni ba. Abin da aiki ya koya mini shi ne, babba na ƙwarai ba ya sa ƙarami ya faɗi maganar da za ta raba shi da tuwonsa. Shi yake nemo hanyar da gaskiya za ta fito.