Fayil ɗin da Yaya Habu ya bar mini

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana Habu, Allah ya jiƙansa. Ina yi masa addu'a kullum, kuma kusan kullum ina jin haushinsa.

Shi ya koya mini rubuta manhaja, shi kuma ya haɗa wa masu noman rani na wajen garin Ƙofa shafin intanet da suke dubawa a waya su ga ranar da injin ban ruwa zai zo kan kowa. Da ya rasu, shafin ya dawo hannuna. Na buɗe na tarar duk rubutun umarnin da ke motsa shi a waya, wato JavaScript, yana cikin fayil guda, dogo kamar hanyar Doguwa. Sunayen da ya raɗa wa abubuwa kuwa: "abu", "abu2", "wancan". A wani wuri ya rubuta, "Kar a taɓa nan." Bai ce don me ba. Ranar da na sauya launin maɓalli ɗaya, jerin sunayen manoma ya ɓace gaba ɗaya.

Sai na yi zuciya na rushe aikin. Na sake gini da kayan da ake yayi, na jawo ƙunshe-ƙunshen manhaja da wasu suka rubuta, kowanne yana jawo nasa. A kwamfutata a Kano abin sai wanda ya gani.

Kwana uku da sakinsa Baba Ɗanjuma, shugaban manoman, ya kira ni. Sai da ya gama tambayar mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Hadiza, abin naki fari fat yake nuna mana."

Na ce, "Baba, a ɗan jira, zai buɗe."

Ya ce, "Mun jira tun hantsi. Albasa ce ba ta jira."

A ranar mutum biyu suka haɗu a bakin inji, kowa na cewa layinsa ne, har aka kai su gaban mai unguwa. Irin albasar ɗayan ya bushe. Shafina ya yi wa wayoyinsu nauyi, ga netwok ɗin da sai an hau tudu. Na mayar da na Yaya Habu, ina cizon yatsa. Daga baya na gano wurin da ya hana taɓawa shi ke ajiye jerin a cikin waya, don a gani ko babu netwok. Layi ɗaya na bayani da ya ishe ni.

Da yana nan yau ya ga yadda muke loda wa shafi kaya kafin ya nuna sunaye goma, na san dariya zai yi. Ni ma ina da abin faɗa masa. Har yanzu ina tsinke fayil ɗinsa kaɗan-kaɗan, ina ba kowane yanki aiki ɗaya da suna mai ma'ana, ina gwadawa a tsohuwar waya kafin in saki. Aikin bai kai rabi ba.

Bai iya tsara aiki don mai zuwa bayansa ba, wannan ba zan ɓoye ba. Amma ya san wayar da ke aljihun kowane manomi, ya san inda netwok ke yankewa. Ni sai da gonar wani ta bushe na sani.