Faifaina a bakin tukunyar koko

Da safen nan na fito, sai na ga faifan wasana kife a bakin tukunyar kokon Mma, zafi ya lanƙwasa shi.

Muna wasan jefa faifan roba cikin kwando. Cikin faya-fayan da yayana ya samo a gwanjon Kumasi, wannan na jifan matsakaicin nisa kaɗai hannuna ya yarda da shi. Babu irinsa a Salaga, ga 'yan Yendi za su zo mu kara ranar Asabar.

Na ce, "Mma, kin kashe ni."

Ta ce, "Kullum jefar da shi kake yi, ni na ba shi aiki."

Na gwada jifa, ya faɗi gaban ƙafata. Jama'a, robar da ta lanƙwashe tana miƙewa kuwa?

Kawu Issaka da ƙanwata Ayisha na tsaye, sun gani.